Makullin Yaya

A ofishinmu akwai aiki guda ɗaya da ba ya yiwuwa sai Yaya yana zaune a kan kujerarsa. Ba yabon ɗan'uwana nake yi ba, don wanda yake yi wa kansa ma ya ishe shi har da ragowa. Magana ce da kowa ya sani, tun daga Manaja har mai gadi.

Mu ƙaramin kamfani ne, mutum tara a ɗakuna uku, a saman wani shagon gyaran tabarau. Aikinmu kula da manhajar da shagunan sayar da magani arba'in da uku suke amfani da ita. Kullum ƙarfe takwas na safe, ban da Lahadi, sai mun tura wa kwamfutar kowane shago sabon jeri: maganin da aka janye daga kasuwa, wanda wa'adinsa ya kusa cika, wanda bai kamata a sha shi tare da wani ba. In jerin bai isa ba, kafin takwas da rabi wayoyinmu sun fara kuka.

To, kwamfutar shago ba ta buɗe wa kowa ƙofa haka kawai, sai ka nuna mata makulli. Ba na ƙarfe ba. Wani dogon rubutu ne, haruffa da lambobi a cakuɗe, layi kusan talatin, wanda babu ɗan'adam ɗin da zai iya haddace shi. Makullin kamfani yana ajiye a rumbun bayananmu. Shekara shida da suka wuce Yaya ya rubuta wani ɗan laburare, wato dunƙulen manhaja da sauran manhajoji suke arowa su yi aiki da shi. Aikinsa ɗaya ne tak: ya je rumbu, ya ɗauko makullin, ya loda shi, ya nuna wa shaguna. Yaya yana ji da laburaren nan fiye da yadda yake ji da motarsa, motar da ba ya bari a ci ko biskit a cikinta.

Matsalar ita ce laburaren ba ya jin maganar kowa sai ta mai shi. Yaya zai shigo takwas saura kwata, ya goge allon kwamfutarsa da hankici, ya lanƙwasa yatsunsa su yi ƙara, ya danna maɓalli. Sai ka ga layuka arba'in da uku sun jero kore shar, kowane shago ya karɓa. Ya jingina da kujera ya ce, "To, an sallami duniya. Ina shayi?" Amma bari Dogo, mai rubuta manhaja na biyu a ofishin, ya danna wannan maɓallin a tasa kwamfutar. Ja arba'in da uku, da wani ɗan saƙo da Yaya ya rubuta da kansa: "Ba a samu shiga ba. A nemi mai kula." Mai kular kuwa yana zaune taku uku daga wurin yana hura shayi.

An yi duk abin da aka sani. An wanke kwamfutar Dogo an sake zuba mata komai har sau tara. An canja masa wayar intanet, an canja masa teburi. Akwai ranar da Dogo ya zauna a kujerar Yaya, ya buɗe kwamfutar Yaya da nasa sunan da tasa kalmar sirri, ya danna. Ja. Yaya ya karɓa, ya shiga da sunansa, ya danna. Kore. Tun daga ranar aka laƙaba masa Mai Hannu, kuma ban taɓa jin ya ce a daina ba. Kada ma ka ce ai sai ya ba wani kalmar sirrinsa. Shi ne fa ya manna takarda a jikin firijin ofis cewa duk wanda ya ba wani kalmar sirrinsa ya fara neman wani aikin. Ko Anti, matarsa, shekara ashirin da takwas da aure, ba ta san harafin farko ba. Kuma shagunan ba sa amsa kira sai daga cikin ofishin, balle ya tafi da kwamfutar wani gari.

Abin da hakan yake nufi shi ne shekara shida Yaya bai taɓa yin nisan da ba zai iya dawowa kafin safiyar Litinin ba. Ranar da 'yarsa ta fari ta gama makarantar koyon jinya, sai da ya danna maɓalli sannan ya kama hanya, ya isa ana kwashe kujeru.

Ni kuwa bara na shigo kamfanin a matsayin mai gwaji. Aikina in ɓata abin da wasu suka gina kafin jama'a su ɓata shi, kuma ba na ɓoyewa, ina jin daɗin aikin. Yaya ya girme ni da shekara goma sha huɗu, ni ce auta a gidanmu, shi ya fara ɗora yatsuna a kan kwamfuta. A ranar farko ya zagaya da ni ofis, ya nuna mini komai, sannan ya rage murya ya ce, "Auta, ki gwada duk abin da kika ga dama. Ban da laburaren makulli. Shi an riga an gwada shi." Na ce to. Wanda ya ɗauko ka daga makaranta a bayan keke shekara shida, ba a ranar farko za ka fara musu da shi ba.

Sai ga shi 'yar tasa ta haihu. Mace, jikarsa ta farko, a garin da take aiki, tafiyar kwana ɗaya da rabi a jirgin ƙasa. Anti ta yanki tikiti biyu na ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. Yaya ya rubuta takardar neman hutun mako uku, ya kai wa Manaja. Manaja mace ce da ba ta da dogon zance. Ta karanta, ta ɗago ido ta saman tabarau.

"Na yi maka murna, Mai Hannu, wallahi. Amma ba zan sa hannu ba sai na ga wani ya tura jerin nan ba kai ba. Da idona. Kana da zuwa Juma'a."

Litinin da Talata suka tafi a kan kwamfutar Dogo. Aka wanke ta karo na goma. Dogo ya tsaya a gefe ya rungume hannu yana kallo kamar mai jinyar mara lafiya. Da aka gama ya danna, ja arba'in da uku. Ina kallon fuskar Yaya a lokacin, kuma na ga abu biyu a tare. Na ga damuwa ta gaske. Na kuma ga wani ɗan murmushi da ya leƙo ta gefen baki ya koma. Murmushin nan ya ba ni haushi har cikin raina.

Da yamma na biya ta gidansu. Anti tana tsakiyar falo da akwati biyu a buɗe, tana ninke tufafi da ƙarfin da bai kamata a ninke tufafi da shi ba.

"Auta, ki gaya wa yayanki, ni dai Asabar na tafi. In ya ga dama ya zauna ya rungumi kwamfutarsa, ita ta kira shi Kaka."

"Ina jinki fa," in ji Yaya daga kan doguwar kujera.

"Don ka ji na faɗa."

Wayarsa yake kallo. Na leƙa ta bayansa, sai na ga hoton jaririyar ne, ya ja shi ya ƙara girma har ba a ganin komai sai kunne guda.

"Dubi nan, Auta. Wannan ba kunnena ba ne?"

"Kunnen jariri ne, Yaya. Duk haka suke."

"Ke ba ki da ido. Dubi lanƙwasar nan ta sama."

Ya daɗe yana kallon kunnen. Haushin da nake ji ya sauka, tausayi ya hau. Mutumin nan yana son tafiya, yana kuma son a ce ba a iya komai sai da shi, bai san wanda ya fi so ba. Da zan fita Anti ta turo mini a waya jerin kayan da take so in sayo mata, tunda shagon kayan yara yana kan hanyata.

Safiyar Laraba, bayan an sallami duniya an kawo shayi, na ja kujerata zuwa teburinsa.

"Yaya, ina so in gwada laburaren."

"Na ce miki an gwada shi. Gwaji goma sha biyu na rubuta masa, duk kore."

"A kwamfutar wa?"

"A tawa mana. A ta wa kike so?"

"Ba taɓa shi zan yi ba, ko harafi ɗaya. Tambayarsa kawai zan yi."

Ya kalle ni, ya kalli kalandar bango inda wani ya zagaye Juma'a da jan biro, ya ɗaga kafaɗa.

Ga yadda nake aiki. Masu rubuta manhaja suna ba ta abin da ya dace, su ga ta karɓa, su yi murna su tafi gida. Ni kuwa shara nake ba ta, in ga ko za ta yi ƙorafi. Manhajar da ta haɗiye shara ba ta ce uffan ba, ita ce abar tsoro. Muna da rumbun gwaji, kwafin na gaske, da wata tsohuwar kwamfuta a lungu da take zama a matsayin shago. Na buɗe rumbun gwajin, na goge makullin da ke ciki. Na duba me zan zuba a gurbinsa, sai na tuna da saƙon Anti. Na kwafe shi yadda yake na liƙa.

"Yaya, don Allah danna mini gwajin a kwamfutarka."

Ya danna ba tare da ya ajiye kofinsa ba. Kore. An loda makulli, an samu shiga.

"Kin gani?" ya ce. "Sai ki koma kan aikinki."

Dogo yana teburinsa, kunnensa kuwa ya fi na kowa tsawo a ofishin. Na ce, "Yaya, zo ka taya ni duba firij, kamar ya daina sanyi." Ya biyo ni yana mita. Na tura ƙofar ɗan kicin ɗin, na juya masa allon kwamfutata.

"Karanta makullin da ka shiga da shi yanzu."

Ya gyara tabarau, ya fara karantawa a fili. "Audugar jarirai, babban ƙunshi biyu. Sabulu mara ƙamshi. Safa, ƙanana sosai. Tawul mai hula. Kada ki sayo ruwan hoda, kowa shi zai kawo." Ya tsaya. "Mene ne wannan?"

"Shi ne abin da ke cikin rumbun gwaji. Da shi ka buɗe ƙofa."

"Ba zai yiwu ba."

Ya koma ya ɗauko kwamfutarsa, ya ɗora ta a kan firij, ya danna. Kore. Ya sake. Kore. Na goge jerin, na rubuta kalma ɗaya, "safa". Ya danna. Kore shar, har da saƙon an loda makulli lafiya. Yaya ya cire tabarau ya goge su da gefen riga.

Muka buɗe laburaren tare, a tsaye, a tsakanin firij da butar shayi. Rubutu ne mai tsabta, ba zan yi masa ƙarya ba, kowane layi a wurinsa. Can wajen tsakiya muka iske shi. Layi uku ne, da wani bayani a samansu da Yaya ya rubuta wa kansa shekara shida da suka wuce: "In makullin rumbu ya ƙi loduwa, kada a tayar wa kowa da hankali, a gwada wanda ke cikin kwamfutar."

Wanda ke cikin kwamfutar kuwa na Yaya ne, nasa na kansa, yana kwance a jakar fayilolinsa inda ba ya buɗuwa sai an shiga da sunansa. Lokacin da aka kafa kamfanin shi ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya a kan babur yana haɗa musu kwamfuta, kuma a kowanne ya bar wa makullinsa ƙofa don sauƙin gyara. Har tsohuwar kwamfutar gwajin ma shi ya haɗa ta.

"To me ya hana na rumbun loduwa?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

Muka buɗe rumbu na gaske. Makullin kamfani yana nan, amma layi huɗu ne kawai, na huɗun ma bai kai ƙarshe ba. Gurbin da aka yi masa ba ya ɗaukar fiye da haruffa ɗari biyu da hamsin da biyar. Ranar da aka zuba shi, rumbun ya karɓi kai, ya zubar da sauran, bai gaya wa kowa ba. Wato tun ranar farko laburaren yake zuwa ya ɗauko guntun makulli, ya ga ba ya aiki, ya yi shiru saboda ladabin da aka koya masa, ya lallaɓa ya ɗauki na Yaya. A kwamfutar Dogo kuwa babu abin lallaɓawa a ɗauka.

Yaya ya zauna a kan kwalin ruwan roba. Ban taɓa ganin ya zauna a kan kwali ba.

"Shekara shida," ya ce. "Ko sau ɗaya bai taɓa aiki ba."

"Ya yi ta zuwa rumbun dai kullum," na ce.

Bai yi dariya ba. Sai na ji ba daɗi, kamar ni na yi laifin. Na zo ne da niyyar in sauke masa girman kai, ga shi ya sauka gaba ɗaya, kuma ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Na durƙusa kusa da shi.

"Yaya, ba sai kowa ya ji ba. Mu gyara shiru. Juma'a Dogo ya danna, ya yi kore, mu ce wankin da aka yi wa kwamfutarsa ne ya kama a karo na goma."

Ya ɗago ya dube ni. "Ke ce mai gwajin kamfanin nan, kike faɗin haka?"

"Ni ce kuma ƙanwarka."

Ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya ɗauki kwamfutarsa. "Firijin lafiyarsa ƙalau," ya ce, ya fita. Ranar bai ƙara yi mini magana ba, ko da muka haɗu a matakala.

Alhamis ya shigo takwas saura kwata kamar kullum, amma da sabuwar riga. Ya goge allo, ya danna, kore arba'in da uku. Maimakon ya nemi shayi sai ya miƙe tsaye ya ƙwanƙwasa teburi da cokali.

"Jama'a, a ba ni minti biyar. A kira Manaja."

Da ma na sani. Yaya ko laifi zai amsa sai ya yi shi yadda za a daɗe ana labari. Ya haska jerin kayan Anti a babban allon bango, ya karanta shi da murya irin ta mai karanta labarai, ya danna, ya yi kore. Sannan ya haska layukan nan uku. Ya yi bayani dalla-dalla, bai rage wa kansa ko kaɗan ba. Ya ce mai gwaji ce ta gano, a cikin minti goma, bayan shi ya hana ta shekara guda. A nan sai da na sunkuyar da kai.

Dogo ne ya fara motsi. Ya miƙe a hankali, tsawonsa kamar ba zai ƙare ba, ya dafa kwamfutarsa.

"Sau goma," ya ce. "Sau goma aka wanke baiwar Allahn nan, ba ta ci ba ba ta sha ba. Ni kuma har wurin likitan ido na je, na zata ni ne ba na ganin abin da nake dannawa."

"Ka yi haƙuri, Dogo."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ga ta nan."

Yaya kuwa ya juya, ya ɗan russuna wa kwamfutar, ya ce, "Ranki ya daɗe, an zalunce ki." Ofis ya kwashe da dariya, har mai karɓar waya ta sarƙe da shayi. Manaja kaɗai ce ba ta yi ba. Ta jira aka lafa.

"Ana iya gyarawa kafin gobe?"

"Ana iya," in ji Yaya.

"To me kuke jira?"

Wunin nan mu uku muka yi shi a teburi ɗaya. Dogo ya faɗaɗa gurbin rumbu yadda zai ɗauki makulli komai tsawonsa. Tsohon makullin ya riga ya tafi, tunda ba wanda ya ajiye cikakkensa, don haka aka ƙera sabo. Yaya ya shiga shagunan da nasa makullin, ya gabatar musu da sabon, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya goge layukan nan uku da hannunsa, ya rubuta wasu a madadinsu: in makulli ya ƙi loduwa, a tsaya cak, a faɗi dalili, kada a nemi wani a ɓoye. Ni kuma na yi ta zuba masa shara. Na ba shi rabin makulli, ya ce makulli bai cika ba. Na ba shi gurbi babu komai, ya ce babu makulli. Na ba shi jerin Anti, ya yi ja wur, ya ce wannan ba makulli ba ne. Ban taɓa murna da ganin ja irin ta ranar ba.

Juma'a, takwas saura biyar, duk sauran mu takwas muna tsaye a bayan Dogo, har da mai gadi da ya hawo ya leƙa. Dogo ya ciro hankici daga aljihu ya goge allo, ya lanƙwasa yatsu, yana satar kallon Yaya.

"Danna mana, malam," in ji Manaja.

Ya danna. Layi na farko ya fito kore, na biyu, na uku. Mai karɓar waya tana ƙirgawa a fili. A na talatin da ɗaya aka ɗan tsaya, shagon da intanet ɗinsa ke da nauyi. Sai ya wuce. Arba'in da uku. Aka yi tafi, Dogo ya ɗaga hannu biyu har ya taɓa fanka, Allah ya sa a kashe take. Manaja ta ciro takardar hutu daga aljihun jakarta, da ma ta zo da ita, ta ɗora ta a bayan Dogo ta sa hannu.

"Saura abu ɗaya," in ji Yaya.

Ba wanda ya sa shi. Ya koma teburinsa, ya rubuta ɗan umarni da zai bi shagunan ya cire makullinsa na kansa daga kowanne. Ya ce makullin mutum ɗaya bai kamata ya zauna a ƙofar shaguna arba'in da uku ba, kuma shi ya fi kowa sanin haka. Ya gama rubutawa, ya ɗora yatsa a kan maɓallin, ya tsaya. Ina gefensa.

"Kin san shago na goma sha bakwai ɗin nan," ya ce a hankali, "ranar da na haɗa musu kwamfuta ruwa ya dake ni tun daga gada. Mai shagon ya ba ni rigarsa na sa. Har yau ban mayar ba."

"Sai ka mayar in ka dawo."

Ya danna. Da aka gama ya gwada shiga wani shago da tsohon makullinsa, aka ƙi shi. Ya yi dariya ya nuna wa kowa, "Ku duba, an kore ni." Amma da muka fita cin abincin rana, a kan matakala, inda ba kowa, ya tsaya ya riƙe ƙarfen.

"To yanzu, Auta, mene ne amfanina a wurin nan?"

Tambayar ta soke ni, don da gaske yake. Na ce, "Yaya, akwai laburare bakwai da ka rubuta da ban taɓa gwadawa ba. In ka dawo za ka sha aiki."

"Allah ya shirye ki," ya ce, muka sauka.

Asabar na raka su tasha da ƙunshin audugar jarirai biyu da safa ƙanana sosai. Anti tana gaba tana ba masu ɗaukar kaya umarni, Yaya yana baya yana ba ni nawa. In na talatin da ɗaya ya tsaya kada a firgita. In wuta ta ɗauke a jira janareta ya daidaita. Wayarsa a kunne take dare da rana, in kira shi ko da abin bai kai ya kawo ba. Har jirgi ya fara motsi yana leƙowa ta taga yana cewa, "Ki kira ni fa!"

Duk ranar Lahadi da shi na wuni a raina. Na san halin ɗan'uwana. Na hango shi safiyar Litinin a baƙon gida, ya tashi tun da wuri, ya sa waya a gaba, yana jira a neme shi, ba kuma wanda zai neme shi. Har na tsara abin da zan faɗa masa. Zan ce komai ya tafi daidai, amma ofis ba daɗi ba shi, shayin ma ya canja ɗanɗano. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Litinin Dogo ya danna, kore arba'in da uku, ba wanda ma ya taso daga kujerarsa. Takwas da minti biyar na fita baranda na kira Yaya. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. Sai a karo na uku aka ɗauka, na ji muryarsa can ƙasa, kamar mai magana a cikin bargo.

"Auta? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Yaya. Na ce bari in kwantar maka da hankali, jerin ya tafi, duka arba'in da uku."

"Wane jeri?"

Na cire wayar daga kunnena na dube ta, ko wani na kira.

"Jerin magani, Yaya. Na ƙarfe takwas."

"Au. Yau Litinin ce?"

Duk jawabin da na wuni jiya ina shiryawa ya tashi a banza. Wallahi har na ji haushi. Na buɗe baki zan fara, ya riga ni.

"Ki rage murya, don Allah. Yanzun nan ta yi barci a kafaɗata. Hannuna ya mutu tun ɗazu, ba na so in motsa. Uwarta ta ce in kwantar da ita, na ce a bar mu haka." Na ji wani ɗan ƙaramin numfashi kusa da wayar, sannan muryarsa, wadda ban taɓa jin ta yi laushi haka ba. "Auta, na kusa in ƙi zuwa fa."

Sai ya kashe wayar. Na daɗe a barandar ina dariya ni kaɗai, ina share ido da bayan hannu, har mai gyaran tabarau ya ɗago kai daga ƙasa ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, na koma ciki na buɗe laburare na biyu.